Ƙarar Jelar Jirgin Baba

Akwai wani mai walda da ya ƙera ɗan ƙaramin jirgin sama da hannunsa, a rumfar bayan gidansa. Mutane suka yi ta dariya, har ranar da ya tashi da shi suka koma tafi.

A jelar jirgin akwai faifan da ke karkata shi dama ko hagu. Yau da gobe sai ƙarfen da faifan ke juyawa a kansa, irin na ƙofa, ya cinye ya yi sako-sako. Iska na kaɗawa sai ka ji ƙwas, ƙwas.

Matarsa ta sha mita. "Malam, abin nan ya hana ni sakat!"

"Gobe zan gyara," in ji shi. Goben ba ta zo ba, ciwo ya kwantar da shi, ya rasu.

Bayan shekaru autansu, wanda ya koyi tuƙi a wajen uban, ya dawo gida da burin tayar da jirgin. Ya kama faifan ya girgiza, ya ga ramin ƙusar da ke riƙe ƙarfen ya buɗe. Duk wanda ya hau sama da shi haka, ya sayi ajalinsa da kuɗinsa.

Yana ɗauko sifana don ya kwance ƙarfen, uwar ta fito.

"Auta, kada ka taɓa."

"Mama, ba ke ce kike cewa ya hana ki sakat ba?"

Ta zauna a kan bencin mijinta. "Da kenan. Yanzu in ina wanke-wanke na ji ƙwas ɗin nan, sai in ga kamar babanku na nan baya yana aiki. Ina kewarsa, Auta. In ka gyara, gidan nan zai yi shiru."

Da wani ɗan zamanin ne, cewa zai yi tsohuwa ta fara rikicewa. Auta kuwa ajiye sifanarsa ya yi. Shi ma kewar ce ke cinsa, a sama yake son ya ji uban, ita kuma a tsakar gida.

Ya haƙura har ya samo dabara. Da izininta ya cire tsohon ƙarfen, ya sa sabo mai sabuwar ƙusa, ya ɗaure tam. Tsohon kuma ya kafa shi a marfin tagar kicin, da gangan ya bar shi sako-sako.

Ranar da zai gwada jirgin a filin bayan gari, ta ƙi zuwa, wai zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Tana tsaye a kicin ta ji rugugin injin a saman gida. Iska ta taɓa tagar: ƙwas, ƙwas.

Ta share hawaye da gefen zani. "Na ji, Malam. Ai ga shi can, yaronka ya gyara."

Darasi: Kafin ka gyara abin da kake gani lalatacce, tambayi wanda yake rayuwa da shi. Haƙuri da iyaye ba ya hana ka tashi sama. Ku tura wa duk mai uwa a raye.