Sunan da 'Yar Marmaro Ta Ƙi Kira

Ga ta nan, ga ta nan, ta iso bakin tabarmarku.

Ta zauna mu ji ta.

To, ku matso. Barau, ajiye sandan nan. Yanzu kai ba dodon dutse ba ne, jikana ne mai majina. Tun la'asar nake jin ku a bayan rumbu kuna wasan dodanni. Wannan ya ce dodonsa ya girmi duniya, wannan ta ce nata ya girmi wanda ya girmi duniya, har Ladidi ta yi kuka. Bari in ba ku labarin yadda aka taɓa auna shekarun irin waɗannan.

Wani gari ne, a can zamanin da dabbobi ke zuwa taro su ma su tofa albarkacin bakinsu. Garin yana da iskoki uku. Akwai Dutse, ƙato, yana zaune gabas da gari, gajimare na kwana a kansa. Akwai Gulbi, dogo, mai yawan surutu, yana wucewa ta gangare. Sai 'Yar Marmaro, 'yar mitsitsiya, tana ɗiga a gindin Dutse. In ka gan ta sai ka ce yarinya ce da ba ta isa talla ba.

Al'adar garin ita ce, kafin a yi shuka sai an dama fura an kai wa babban cikinsu ƙwaryar farko. In babba ya sha, sai ruwa ya sauka. Wata tsohuwa ce, Ayashe, take kai ƙwaryar, ita kaɗai, ba ta son rakiya. Kowa ya saki jiki, ba wanda ya taɓa tambayar ta ina take kaiwa. Ana nan, da rani, Ayashe ta kwanta ba ta tashi ba.

Bazara ta zo. Aka dama fura. Sarkin Noma Jatau ya ɗauki ƙwarya ya fita bayan gari, sai ya tsaya cak. Gabas zai yi ko gangare?

Dutse ya ce, "Kawo nan. Ni ne babba."

Gulbi ya ce, "In ka kai masa, kai da ruwa sai a mafarki."

Dutse ya ce, "In ka kai masa, gajimaren nan a kaina zai tsufa."

'Yar Marmaro ba ta ce komai ba. Ba wanda ya tambaye ta ma.

Jatau ya koma gida da ƙwaryarsa. Hadari ya riƙa haɗowa yana watsewa. Abinci ya ƙare a rumbuna, saura iri, mata kuma suka fara kallon irin nan da wani ido. Kun san in aka ci iri, an ci baɗi. Hankalin Jatau ya tashi ƙwarai. Ya tara mutane da dabbobi, ya ce duk wanda ya iya gano babba a cikin iskokin nan, ya taimaka.

Kura ta miƙe. Ta ce ita ta san shekarun kowace dabba, don ta ci tsoho ta ci yaro. Shekaru a haƙori suke.

Ta je wurin Dutse ta ce, "Buɗe baki." Ya buɗe. Haƙora manya-manya, sun ɗan cinye. Ta je wurin Gulbi ta ce, "Buɗe baki." Ya buɗe. Ba ko ɗaya, sai yashi. Ta leƙa 'Yar Marmaro, ta ga 'yan tsakuwoyi farare ƙanana, ta yi tsaki ta wuce.

Ta dawo ta ce, "Gulbi ne babba. Tsufa ya zubar masa da haƙora kaf."

Dutse ya ce, "Jariri fa, haƙora nawa gare shi?"

Kura ta juya za ta sulale. Dutse ya gangaro mata da wani ɓarin dutse, ya same ta a ƙugu. Shi ya sa har yau in kun ga kura, gabanta a sama, bayanta a ƙasa.

Ruwa bai sauka ba.

Ungulu ta miƙe. A lokacin tana da gashi, kitso ma ake mata. Ta ce Kura ba ta da lissafi. Shekaru a furfura suke.

Ta tashi sama ta duba kan Dutse, fari fat. Ta sauko ta duba Gulbi, sai 'yar kumfa nan da can. 'Yar Marmaro kuwa ko kallon ta ba ta yi ba.

Ta dawo ta ce, "Dutse ne babba. Kansa ba baƙi ko ɗaya."

Gulbi ya ce, "Ke da danginki, ina kuke kwana?"

"A kan Dutse."

"Ina kuke zagayawa?"

Taro ya fashe da dariya, don kowa ya gane furfurar nan kashin ungulu ce. Gulbi ya ɗebo ruwa da yashi ya watsa mata a ka, gashin ya tafi, bai sake dawowa ba.

Ruwa bai sauka ba. A wannan rana wata mata ta ɗebi iri ta daka wa 'ya'yanta, ba wanda ya iya yi mata faɗa.

Sai Kurege ya ɗaga wutsiya. Ku kuwa kun san Kurege, ba don Allah yake aiki ba. Ya ce zai je, amma da sharaɗi: duk shekara, abin da ya rage a gindin ƙwarya nasa ne. Jatau ya ce ya ji, ko ƙwaryar yake so a ba shi.

Kurege ya ce shi ba zai duba baki ba, ba zai duba kai ba. Labari zai tambaya. Wanda ya daɗe, labarinsa ma ya daɗe.

Ya hau wurin Dutse ya gaishe shi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ni labarin tasowarka."

Dutse ya gyara murya. "Lokacin da na zauna nan, ba a yi kowa ba. Sama tana ƙasa-ƙasa, in mata na daka taɓarya na bugun ta. Ni na sa kai na tura ta can inda take."

"Wa ya gani?"

"Na ce maka ba a yi kowa ba."

"To matan da ke dakan fa?"

Dutse ya ce, "Tashi ka ba ni wuri."

Kurege ya gangara wurin Gulbi ya gaishe shi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ni labarin tasowarka."

Gulbi ya ce, "Ni na koya wa kifi iyo. Farin wata yana yaro ni nake masa wanka, har yau in ya fito sai ya leƙo ni."

"Wa ya haife ka?"

"Ba a haife ni ba. A gangare na buɗe ido na gan ni da girmana."

"To wa ya raɗa maka suna?"

Gulbi ya yi ta juyi yana kumfa. Can ya ce, "Matsa, kada in tafi da kai."

Kurege ya kamo hanya, ransa a ɓace. Ƙarya biyu ya samo, kuma ba a shuka da ƙarya. Ƙishi ya kama shi, ya ratse gindin Dutse ya durƙusa ya sha. Ya zauna yana mita shi kaɗai, yana cewa wai sama aka tura da kai.

Sai ya ji 'yar dariya. 'Yar Marmaro ce.

Ta ce, "Tsakuwa ne ya gaya maka haka?"

Kurege ya ce, "Wane ne Tsakuwa?"

"Wannan na bisa kaina. Sunansa ke nan na yanka. Na ci naman sunansa. Uwarsa ta ba ni goyonsa yana kamar ƙwan zabuwa, ga kuka, ga rigima. Bai sake hali ba."

Kurege ya gyara zama. Ya ce, "To shi ɗayan fa?"

Ta ce, "Wane?"

"Na gangare."

Ta sunkuyar da kai. "Yana lafiya?"

"Lafiya lau, sai cika baki. Yaya ma sunansa? Ya shige mini."

Ta ce, "Mai tafiyar nan."

"Sunansa nake nufi."

"Wancan dai. Ka san shi."

Kurege ya sake zagayowa ta wata hanya. Ya ce kunnensa ɗaya ba ya ji, ta faɗa da ƙarfi. Ta ce rana ta yi, ya kamata ya tafi gida.

Nan Kurege ya gane. Shi ma ɗan fari ne. Tun da aka haife shi bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba. "Kai wannan," take ce masa. In baƙi suka yabe shi, sai ta kau da kai ta kama wani zance. Amma in an raba gyaɗa, tasa ce mai yawa, a ɓoye. Ya dubi 'yar yarinyar nan da ke ɗiga a gindin dutse, tausayinta ya kama shi.

Ya ce, "Iya, ke ce Ayashe take kawo wa ƙwarya."

Ta ce, "Allah ya ji ƙan Ayashe."

"Me ya hana ki magana? Mutane sun fara cin iri."

Ta ce, "Na sani, kuma yana damuna. Amma in na ce na girme shi, za a ce da me. In buɗe baki a gaban jama'a in ce nawa ne? Tun yana ɗan ɗigo na ba 'yan'uwana na gangare riƙonsa, kamar yadda ake yi. Bai san ni ba. Ba zan iya ba."

Kurege ya ce, "Ba sai kin ce komai ba. Shirun naki nake so."

Washegari Kurege ya sa Jatau ya tara gari duka a gindin Dutse, maza da mata. Ya ce lallai mata su zo gaba. Gulbi ma ya matso har bakin gaɓa.

Kurege ya hau kan wani kututture ya ce, "Abu ɗaya ya rage. Kowannenku ya kira sunan sauran biyun, mu ji."

Dutse ya ce, "Wannan ne aikin? Gulbi. 'Yar Marmaro."

Gulbi ya ce, "Dutse. Da waccan yarinyar, Marmaro take ko wa."

Kurege ya juya. "Saura ke."

Ta ce, "Tsakuwa."

Dutse ya yi wata irin girgiza. Rabon da ya ji wannan suna, tun bai fi a jefi tsuntsu da shi ba. Ya ce, "Wa ya gaya miki?"

Ta ce, "Duba ƙugunka."

Aka duba. Ga wani kore-kore ya zagaye gindin Dutse, wanda kowa ke ɗauka gansakuka ce. Ashe majanyin da ta goya shi da shi ne. Bai taɓa sauka daga bayanta ba, girma kawai ya yi ta yi har ya rufe ta. Dutse ya rasa inda zai sa kansa.

Kurege ya ce, "Saura ɗaya, Iya."

Shiru.

Ya ce, "Muna jira."

Shiru. Sai ɗigar ruwa.

Ya ce, "Suna ɗaya ne fa."

Ta ja bakin mayafinta ta rufe fuska.

Maza suna ta kallon juna, ba su gane ba. Mata kuwa tuni sun kama baki. Wata tsohuwa a gaba ta ce a hankali, "Wayyo. Ɗan farinta ne." Magana ta bi taro har ta isa bakin gaɓa.

Gulbi, mai surutun nan, ya yi tsit. Ya dubi kansa, ya bi ruwansa da ido, baya, baya, har inda ya faro. Ya ga siririn zare yana fitowa daga gindin Dutse yana shiga jikinsa. Duk tsawon zamanin nan ita ke ba shi, a ɓoye, shi kuwa yana cewa ba a haife shi ba. Yanzu-yanzun nan ma ya ce mata yarinya a gaban mutane.

Ya ce, "Inna."

Ba ta amsa ba. Ai ba a amsawa. Amma ruwanta ya ƙaru, kowa ya gani.

Jatau ya durƙusa ya ajiye ƙwarya a gabanta. Ta kurɓa kaɗan. Ta ce a miƙa wa Tsakuwa, ya kurɓa. Sai ta tura sauran, mai yawan, wajen gangare, tana kallon wani wuri daban. Ta ce, "A ba wancan."

Kafin Kurege ya gama lasar gindin ƙwarya, Dutse ya saki gajimare. Aka kwana ana ruwa. Da safe gari duka ya fita shuka da irin da ya rage, ya kuwa isa.

Shi ya sa har yau marmaro daga ƙarƙashin dutse take fitowa: goyo ne ba ta sauke ba. Shi ya sa kuma gulbi ba ya komawa inda ya fito. Kunya ce ke korar sa, kullum gangare yake yi, ita kuwa ba ta fasa aika masa ba.

To, Barau, ka ji. Gobe in kun koma bayan rumbu, kada ku auna dodanninku da girman jiki ko ƙarfin murya. Ku duba wa ya goyi wa, ku saurari wanda ya yi shiru. Ke kuma Ladidi, da kike cewa uwarki ba ta son ki don ba ta taɓa kiran sunanki ba, gobe ki duba kwanon wa ya fi nama.

Ƙurunƙus kan kurege. In kun ce ƙarya na yi, ga gindin dutse can, ku je ku tambaye ta. Sai dai kada ku tambaye ta sunan ɗanta.