Nomau da Dirkar Shinge

Akwai wani tsohon manomi, ana ce da shi Nomau, yana ɗingishi da ƙafar hagu. Kurkunu ne ya bar masa wannan tsaraba, wato tsutsar nan da mutum ke sha a ruwan tafki, ta shekara a jikinsa, ta huda ƙafa ta fito daidai lokacin noma.

A garinsu akwai rijiya mai ruwa garau, amma wani mai ƙarfi ya kewaye ta da shinge, ya ce 'yan unguwar gangare ba za su jefa guga a ciki ba. Haka su Nomau suka yi shekaru suna shan tafki tare da jakuna. Sai samari da 'yan matan unguwar suka tashi, ɗan ƙanwar Nomau mai suna Filibus yana gabansu. Suka zauna a bakin shingen kwana tara. An doke su, an fasa wa Filibus goshi, ba su motsa ba, har aka yi shari'a aka ce rijiyar ta kowa ce. Suka rushe shingen, suka bar dirka ɗaya a tsaye domin tunawa. Suka shafa mata farar ƙasa, kowace shekara kuma su kewaye ta da kiɗa. Nomau ya yi alfahari da su ƙwarai, duk inda ya zauna sai ya ba da labarinsu.

Wata damina, yana kan hanyar kasuwa, ya haye rafi ya ratsa ta wani ƙauye na baƙi masu wani yare dabam. Gonakinsu shiru, ba ƙarar fartanya ko ɗaya. Dawa ta kai gwiwa, ciyawa ta ɗara ta. A ƙofar wata bukka ya ga mace tana naɗe kurkunu a tsinke daga ƙafar mijinta, ita ma tata ƙafar a kumbure. Ba ta jin Hausa. Ta nuna masa gonarsu, ta nuna cikkunan 'ya'yanta. Nomau bai nemi tafinta ba, domin ya taɓa kwanciya irin wannan kwanciyar. Ya san in ba a nome gonar a wannan mako ba, gidan nan ba zai ga hatsi bana ba.

Ya fasa kasuwa, ya juyo gida. Ya tarar da matasan a bakin rijiya suna shirin bikin dirka. Ya gaya musu abin da ya gani, ya roƙe su gayya ta yini biyu.

Filibus ya ce, "Kawu, wa ya zalunce su? Nuna mana mutumin, yau ɗin nan mu zauna a ƙofarsa. Amma tsutsa ba ta da ƙofar gida, ciyawa kuma ba a kai ta gaban alƙali. Mu aikinmu ƙwato haƙƙi ne."

Wani ya ce ai ba ma jin yarensu. Wata ta ce ranar da ake dukanmu, ina mutanen hayi suke? Suka ce ya bari a gama biki tukuna.

Kwana biyar Nomau yana zarya. Da safe ya roƙe su, da hantsi ya haye rafi shi kaɗai da fartanyarsa. To, me tsoho mai ƙafa ɗaya da rabi zai yi wa ciyawar damina? In ya nome kunya uku, kafin ya waiwaya ta baya ta sake tashi. Ransa ya ɓaci har abinci ya daina shigarsa. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne waɗannan yara ba raggaye ba ne, ba kuma matsorata ba. Ya ga ƙarfinsu da idonsa.

Ran biki, rana tsaka, ana cikin rawa, Nomau ya keta taron da dagi a hannu. Ya haƙe gindin dirkar, ya tumɓuke ta, ya saɓa a kafaɗa, ya nufi rafi. Kiɗa ya tsaya. Ba mai iya ɗaga masa hannu, ai tsoho ne, kawun jagoransu kuma. Sai suka bi shi ɗuu suna magiya da ƙorafi, har makaɗin da gangarsa a rataye. Bai tsaya ba sai da ya kai gonar matar nan, ya yar da dirkar a cikin ciyawa.

Ya naɗe wandonsa ya nuna musu tabon ƙafarsa. Ya ce, "Ni ba shinge ne ya ci ƙafata ba. Na ɗauka saboda wannan kuka sha duka, ashe mai shingen kawai kuke jin haushi. Ga itacenku nan. Mai so ya ɗauka ya koma rawa."

Gani ya kori ji. Filibus ya dubi mijin matar nan a kwance, ya dubi tsinken, ya sunkuyar da kai. Waɗansu suka juya gida suna gunaguni an ɓata musu biki. Filibus kuwa ya karɓi fartanyar kawunsa, sauran suka shiga bukkoki suna aron na marasa lafiya, makaɗi ya sauya kiɗa zuwa na gayya. Gonaki da yawa suka tsira. Da rani suka dawo suka haƙa wa ƙauyen rijiya, dirkar nan kuma aka gicciye ta a bakinta, igiyar guga tana bi ta kanta.

Amma gonar matar nan ta riga ta tafi. Dawar ta yi rawaya, ta kwanta, ba ta sake tashi ba. Kafin kaka suka ɗaure kayansu suka tafi neman abinci, ba wanda ya san inda suka nufa. Ba su taɓa shan ruwan rijiyar ba. Har Nomau ya mutu bai daina faɗa wa Filibus ba: kwana biyar ne suka kashe gonar.

Ga ma'anar wannan misali, ku matasa, da ku nake. Ku ne kuka zauna a bakin shinge. Kun yi magana da aka danne haƙƙin mutane, kun sha rana a kan titi, waɗansunku na da tabo, ban kuwa raina wannan ba. Allah yana ƙin zalunci. Amma mutanen hayi suna nan, a ƙasarmu da ƙasashen da ba mu jin yarensu. Zazzaɓin cizon sauro yana ɗauke jarirai, amai da gudawa na share gida guda a mako, uwa na dafa ruwa zalla don yara su yi zaton abinci na zuwa. Da aka ce ku zo a raba gidan sauro, a haƙa rijiya, a raka masu rigakafi, a matsa wa masu iko su kai magani, sai kuka ce wannan ba gwagwarmaya ba ce, domin babu wanda za a yi wa ihu. Ina jin haushin wannan magana. In fushinku ba ya tashi sai kun ga fuskar maƙiyi, to, ba ƙaunar maƙwabci ce ta tashe ku ba.

Dirkar ita ce nasararku ta jiya. Ubangiji bai ba ku ita don ku yi ta kewaye ta da kiɗa ba. Ranar da za ku tsaya a gabansa, ba zai tambaye ku kwana nawa kuka yi a bakin shinge ba, ya riga ya sani. Zai tambaye ku ina kuke a kwana biyar ɗin nan. Wani yana cikin kwanansa na huɗu yanzu haka, muna zaune a nan.