Ranar da Kura Ta Ɗebi Rabonta

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo, kunnuwanmu na jira.

Dabbobin bakin teku suna da gurbin kifi guda, na kowa da kowa. In kifi ya ɗauki ƙwai, sai Kunkuru sarkin ruwa ya ɗaura kaba a sanda ya kafa. Ba mai shiga sai ya kwance ta, sannan a yi kamun kifi tare.

Ran nan sai ga Kura da dakakken magimfa, gubar kifi.

Zalɓe ya ce, "Yaya Kura, ba ki ga kaba ba?"

Ta ce, "Ba na kowa ba ne? To, rabona zan ɗiba."

Ta zuba. Kifi ya taso ciki sama, har masu ƙwai. Ta cika tumbinta, saura ya ruɓe.

Kunkuru ya iso ya ce, "Ke mara kunya! Rabonki kika ci, ko na jikokinmu?"

Suka kore ta daji, ta koma cin mushe. Korar ta dawo da kifin? Ina! Ku je ku duba, har yau Zalɓe na tsaye cikin ruwa yana jiran nasa rabon.

Ƙurunƙus kan tarwaɗa!