Tagogin Benen Gwaggo Tasalla

Tun da Malam ya rasu, ba da labari a gidan nan ya dawo hannuna. To ku gyara zama, don wannan ba a jinsa a tashi haka nan, sai kun yi alƙalanci.

A Funtuwa an yi wata tsohuwa, Gwaggo Tasalla. Mijinta ya rasu ya bar mata kangon bene, ba rufi ba ƙofa, sai shago ɗaya da aka gama a bakin titi. Ba ta da ɗa, ba ta da gona. In gidan ya samu 'yan haya, ta samu abin ci har ƙarshen kwananta. In damina ta sake sauka a kansa, sai dai ta sayar da shi a wulaƙance ta koma ƙauye.

Akwai 'ya'yan ƙannenta uku, Ilyasu da Sahura da Mudi. Dukkansu harkar gidaje da filaye suka karanta a jami'a, dukkansu kuma suna zaune ba aiki. Ta tara su ta ce, "Wanda ya raya mini gidan nan, shi zan danƙa wa kula da shi, shagon ya zama ofishinsa. Na gaji da ganinku kuna cinye mini tuwo, digiri na ƙarƙashin katifa."

Mudi ya ce, "Gwaggo, ai daɗin tuwon ne ya hana mu neman aiki."

Ta ce, "Ja'iri, tashi ka ba ni wuri."

Ilyasu ne ya fara. Gwaggo ta sayar da shanunta, shi kuma ya tsaya a kan magina tun safe har la'asar, yana ɗaukar bulo da kansa har kafaɗarsa ta saɓule. Ruwan farko a kan kwano ya sauka. Sai dai ya buɗe wa benen manyan tagogi, irin waɗanda ya gani a Abuja, bai tuna da gidan da ke bayansu ba.

Ba a jima ba sai ga maƙwabci, Malam Barau, yana sallama da ƙarfi. Ya ce, "Hajiya, gida kika gina ko hasumiya? Iyalina ko tsifar kai ba sa iya yi a tsakar gida!" Magana ta kai gaban mai unguwa, ya ce ba mai tarewa sai an toshe tagogin. Gwaggo ta yi tagumi, don ta san in aka toshe, ɗakunan sun zama rumbu.

Nan Sahura ta yafa mayafi ta shiga gidan Malam Barau, inda namiji ba ya shiga. Ba ta ɗauko zancen taga ba. Ta zauna ta taya matan gyaran zogale. Ta tsaya bakin murhu ta ɗaga kai, ta tsaya bakin rijiya ta ɗaga kai, ta je wurin shanya ta ɗaga kai. Ashe taga biyu ce kawai ke ganin tsakar gidan, sauran darbejiya ta tare su. Ta sa aka ɗaga biyun nan sama da tsayin mutum: iska ta shiga, ido bai fita ba. Uwargidan Malam Barau ta yi wa mijinta bayani, ya janye ƙara, har ya aiko wa Gwaggo da goro.

Amma gari ya riga ya sa wa benen suna gidan rigima. Gwaggo ta yi ta zaman ƙofa, ko mai tambaya babu. Sai Mudi ya hau babur. A teburin mai shayi ya ji an turo sababbin ma'aikata asibiti, ba su da masauki. Ya tare su a tasha, ya ɗaukar musu jaka, ya cika su da zance har ƙofar gida. Ya kuma lallaɓo Malam Barau, har maƙwabcin da kansa ya yi musu maraba. Kafin a yi girbi, kowane ɗaki da labule.

Gwaggo ta yanka zakara ta kira 'ya'yan ƙannenta su uku.

Ilyasu ya ce, "In ba rufi, ina za a sa mutum?"

Sahura ta ce, "Yaya, ai ginin naka ne ya kai mu gaban mai unguwa."

Mudi ya ce, "Ku biyun nan, ba don ni ba, ƙadangaru kuka yi wa aiki."

Gwaggo ta yi dariya har da hawaye, sannan ta dubi makullin shagon da ke hannunta. Raba shi ba za ta yi ba, don ta ce gidan haya mai shugaba uku, in famfo ya fashe ba a san ƙofar da za a buga ba.

To jama'a, tsakanin wanda ya rufa, da wadda ta sasanta, da wanda ya cika gidan, wa Gwaggo Tasalla za ta miƙa wa makullin nan?