Garwashin Roda

Akwai wata mata a wani ƙauye bayan Minjibir mai suna Hure. Akwai fara'a, akwai kyauta, amma fa idan ta ƙullace ka, sai dai Allah! Tun da akuyar maƙwabciyarta Roda ta cinye mata yabanyar wake, ko gaisuwa ta daina amsa mata.

Damina ta yi albarka. Ran nan Hure da mijinta Sama'ilu suna gonarsu ta nesa, suna aiki suna raha, sai ruwa ya ɓarke da iska. Kafin su kai bukka sun jiƙe sharkaf.

Sama'ilu na da ciwon fuka, sanyi ba ya masa da daɗi. Nan take ya fara karkarwa, ƙirjinsa na kuka.

Hure ta kwance bakin zaninta, inda take ƙulle ashana kamar yadda ta saba. Ai kuwa ta zama kunu. Ta ƙyasta, ta ƙyasta, ko ƙyas.

Can gefe hayaƙi na tashi daga bukkar Roda, wadda gonarta ke kusa da tasu. Ita kullum da safe takan binne garwashin busasshen kashin shanu a cikin toka, ta soke busasshen kara a jinka.

Hure ta dubi hayaƙin, ta dubi mijinta. Tsoro ya kama ta, ta ruga cikin ruwa.

Ta tsaya a bakin bukkar Roda, ta kira ta da sunan 'yarta. "Uwar Glory, wuta na zo ɗiba."

Roda ta yi dariya. "Iye! Ashe bakin yana nan?" Da ta ga idon Hure, sai ta bar wasa. "Malam ne? Mu je."

Ta zuba garwashi a kasko, ta kifa ƙwarya a kai, ta cusa kara a ƙarƙashin zaninta. Da suka isa wajen Sama'ilu, su biyu suka durƙusa suna hurawa, kai da kai, har wuta ta kama.

Sannu a hankali numfashin Sama'ilu ya daidaita. Har ya samu bakin tambaya ko akwai masarar gasawa.

Roda ta miƙe za ta tafi. Hure ta riƙe hannunta, idonta cike da ƙwalla. "Ina kuma za ki? Zauna mana, 'yar'uwa."

Darasi: Idan za ku gona ko daji, ku sa ashana a kwalba ko leda, ku tanadi abin hura wuta busasshe. Kuma kada fushi ya raba ku da maƙwabci, domin ranar da wutarku ta mutu, wajensa za ku ɗebo. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su amfana.