Hannun Wa Na'urar Ta Auna?

Akwai wata mata mai ɗinki da 'yan unguwa suke kira Mama Kar-dai. Daga bakinta sunan ya fito. Yaro ya yi tari, sai ta ce, "Kar dai ciwon ƙirji ne." Waya ta yi ƙara, tun kafin ta ɗauka ta dafe ƙirji, "Kar dai wani abu ya faru."

Amma wanda ya san abin da ya same ta ba zai ga laifinta ba. 'Yarta Auta ta taɓa yin ciki, jininta ya hau ba wanda ya sani. Unguwarsu can bayan gari take, inda kwalta ta ƙare. Kafin a samu mota a kai ta babban asibiti jaririn ya koma, ita ma da ƙyar aka ceto ta.

To ga shi Allah Ya sake ba Auta ciki. Mijinta direban babbar mota ne, kullum yana kan hanya, don haka ya kawo ta gidan iyayenta har ta sauka. Tun daga ranar Mama ta rasa sukuni. Tana taka keken ɗinki, amma idonta na kan ƙafafun Auta, ko sun kumbura.

Ana cikin haka sai wasu matasa suka zo ƙaramin asibitin unguwa ranar awon ciki. Ashe ɗan kamfani suka buɗe, cikinsu akwai likita, akwai masu aikin kwamfuta. Suna ba mata masu ciki da ke nesa da babban asibiti aron na'urar awon jini. A ɗaura a dantse, a danna, sai sakamakon ya bi ta waya ya isa wajen wata nas a ofishinsu. In ta ga abin da bai yi mata ba, nan take za ta kira.

Sharaɗinsu ɗaya ne. Na'urar ta Auta ce ita kaɗai, domin duk abin da aka auna da sunanta yake zuwa.

Mama ta karɓi na'urar da hannu biyu. Ta ɗinka mata 'yar jaka da ragowar atamfa, ta ajiye a saman kabad. Nas ɗin kuwa, da suke kira Sista, ta zama kamar 'yar gida, ko da yake a fuskar waya kawai suke ganinta. Har Mama ta fara yin ƙiba.

Mutum ɗaya ne abin bai burge ba, maigidan, Baba Kafinta. Ƙaton mutum ne, shagonsa na jikin gidan.

"Wai yanzu roba da igiya ne suka zama likita?" in ji shi. "Ni nan da kike gani, tun da aka haife ni ban san zafin allura ba. Aiki ne maganina."

"Allah Ya ƙara lafiya, jarumi," in ji Mama. "Kai dai ka bar mana kayanmu."

Wata rana da azahar Mama tana shagon ɗinkinta a ƙofar gida tana kafa hannun riga, Auta na gefenta tana tsinke zare, sai ga kiran Sista.

"Mama, ina Auta? Awon da ya shigo yanzu ya hau sosai. Kanta na ciwo? Tana ganin dishi-dishi?"

Almakashi ya suɓuce daga hannun Mama. "Innalillahi! Kar dai abin nan ne ya dawo!"

"Anti, ni fa ƙalau nake," in ji Auta, tana leƙa wayar. "Tun da safe na auna."

"Wani lokaci in sabis ya yi rauni awon yakan makara a hanya," in ji Sista. "Ku sake aunawa ina kallo."

Mama ta ruga cikin gida da takalmi ƙafa ɗaya. Aka ɗaura, aka danna. Lafiya lau. Mama ta zauna daɓas a ƙasa tana ta hamdala.

Washegari abin ya sake faruwa. Wannan karon suna tsakar gida ana cin abincin rana, Baba Kafinta na kan tabarmarsa. Aka sake aunawa, jinin Auta daidai yake.

Sista ta ce, "Mama, ba zan ɓoye miki ba. In na'urar ce ke yin ƙarya, dole mu karɓe ta, don ranar da gaskiya za ta zo ba za mu gane ba. Kuma sauran duk suna hannun mutane, sai dai ku jira. Kafin nan Auta ta riƙa zuwa babban asibiti awo."

Mama ta dubi Auta. Wannan hanya mai ramuka, da wannan tsohon ciki? Ta rungume na'urar tana jujjuya ta, idonta ya cika da ƙwalla. "Haba 'yata, ki rufa mana asiri. Ko faɗuwa ba ta taɓa yi ba."

"To Mama, bari in tambaya. Akwai wanda yake taɓa ta bayan Auta?"

"Wa zai taɓa? Daga ni sai..."

Sai idonta ya sauka a kan na'urar. A wajen mannawar, inda ake zagaye dantse, ga garin katako nan ya maƙale sosai. Ta kankare da farce, ta shinshina. Ta ɗago kai a hankali.

Baba Kafinta ya sunkuya cikin kwano kamar mai neman allura.

"Malam."

"Abincin nan yau ya yi daɗi."

"Malam, yaushe Auta ta fara aikin kafinta?"

Auta ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Baba ya yi tari, ya sha ruwa, ya dubi sama ko hadari zai cece shi. Babu ko gajimare.

"Gwadawa kawai na yi," ya ce, "in ga ko abin yana aiki."

"Har sau biyu?"

"To na farko ban yarda da abin da ta nuna ba."

Dariyar Sista ta fito ta cikin waya, amma ba ta daɗe ba ta gyara murya. "Mama, juyo min da wayar in ga Baba. Baba, sannu da aiki. Ni ma kamar 'yarka ce, ka faɗa min gaskiya. Me kake ji a jikinka?"

Baba ya daɗe yana murza hularsa. Daga baya ya ce ƙeyarsa ta jima tana masa nauyi. In ya duƙa zai buga ƙusa, sai ya ga ta zama biyu. Babban asibiti nesa, a bi layi yini guda, ga aikin mutane a hannu. Ga kuma bakin da ya riga ya cika a gaban iyali.

"Ban so in ƙara mata damuwa ba," ya ce, yana nuna Mama da haɓa. "Ta Auta ma ta ishe ta."

Mama ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai hawaye suka riga ta.

Sista ba ta yi masa faɗa ko kaɗan ba. Ta ce, "Baba, sharaɗi kam ka karya. Amma da ba ka karya ba, da ba mu san kana yawo da wannan hawan jini ba. Yanzu zan haɗa ka da likitanmu."

A kan tabarmar nan likita ya gan shi ta waya, ya yi masa tambayoyi, ya sa aka sake auna shi. Ya tura sunan magani zuwa kemis ɗin bakin titi, ya kuma sa masa ranar zuwa gwajin jini. Matasan kamfanin suka gyara tsarinsu, aka buɗe wa Baba nasa shafin a cikin wayar. In zai auna ya taɓa hotonsa, in Auta ce ta taɓa nata. Sista ta ce sun gode ma, don ashe a gidaje da yawa haka ake yi a ɓoye.

Daga nan gidan ya koma wajen nishaɗi. Kowace safiya uba da 'ya suna zaune a benci ɗaya suna jiran layi.

"Masu ciki su fara," in ji Baba.

"Ai naka ya fi nawa girma, Baba."

"Ke, zan ci mutuncinki!"

Mama ta rage gishiri a miya. Baba ya yi mita, ya cinye, ya nemi ƙari.

Da cikin Auta ya kusa isa, wata safiya sai ga kiran Sista, muryarta babu wasa. "Mama, awon Auta ya hau."

Mama ta juya ta zuba wa mijinta ido.

"Wallahi ba ni ba ne!" ya ɗaga hannu biyu. "Hotona na taɓa!"

"Na Auta ne, babu shakka," in ji Sista. "Kar ku firgita, da wuri muka gani. Na turo muku mai mota, na kuma sanar da asibiti kuna tafe. Ku ɗauki jakar haihuwa."

Wannan karon ba a tsaya neman mota a titi ba, ba a kuma tsaya dogon bayani a ƙofar asibiti ba. Suna isa aka karɓi Auta. Kafin la'asar kukan jaririya ya cika ɗakin, uwa lafiya, 'ya lafiya.

Mama na zaune a baranda da jikarta a cinya, Baba na leƙowa yana cewa hancinsa ta ɗauko, sai ga wata 'yar siririyar yarinya da jaka a kafaɗa ta tsaya a gabansu tana murmushi.

"Mama, barka da arziki."

Mama ta san muryar nan. Ta dube ta sama da ƙasa.

"Sista? Ke ce? Ashe ke 'yar mitsitsiya ce haka! A waya kin cika fuska kamar wata babbar hajiya!"

Ta miƙa wa Baba jaririyar, ta rungume yarinyar tana kuka tana dariya, har masu shara suka tsaya kallo.

"Mama, za ki karya ni."

"Ai ba zan sake ki ba sai kin faɗa min awon rigarki."

Darasi: Girman kai ba ya maganin ciwo, kuma ɓoye ciwo don tausayin iyali ƙarin wahala ne gare su. 'Yan'uwa, mu riƙa auna jininmu, musamman masu ciki da iyayenmu maza da ba sa son asibiti. Matasanmu masu ilimin zamani kuma, ku tuna da mutanen bayan gari, ku kai musu likita har tsakar gida, ku yi haƙuri da su in sun yi kuskure. Ku tura wannan labari ga duk wani Baba Kafinta da kuka sani, wataƙila ta dalilinku ya miƙa hannu a auna shi.