Mutumin da Ya Sa Aka Rushe Ɗakin Maƙwabciyarsa

An yi wani mutum a garin nan namu na Mombasa. Ba zan kama sunansa ba, ya riga mu gidan gaskiya. A tashar jiragen ruwa ya yi aiki har ya tsufa. Yana da gida na ƙasa, ƙarami, amma da fili a baya har da bishiyar mangwaro. Matarsa ta rasu, 'yarsa guda, Nuru, tana aure a unguwar Kisauni. Sallar jam'i ba ta wuce shi.

Wata shekara hukumar gari ta kawo shawarar sassauta dokar gini a unguwarsu, yadda mai fili zai iya ƙara ɗakuna ko ya ɗora bene. Mutanen unguwa suka ce ba su yarda ba, kuma suna da hujja. Famfo kan yi kwana da kwanaki ba ruwa. Magudanai kan cika da zarar sama ta zubo. In jama'a ta ninka, ina za a sa kai? Wannan maganar hankali ce, ba laifi a cikinta. Suka naɗa mutumin nan shugaba, don ya iya tsara zance a gaban manya.

Sai dai shi ba ruwan famfo ne ya dame shi ba. Ranar da aka zauna da jami'an hukuma, ya miƙe ya ce, "Mun san mazauna benayen nan. Mutum goma a ɗaki, tsummokara shanye a taga kamar kasuwar gwanjo. Ba asali, ba tushe. Su za ku jibge mana?"

Aka yi dariya, aka tafa. Ladanin masallacinsu, Mzee Kombo, ya ja shi gefe ya ce, "Shugaba, yi maganar ruwa, bar maganar mutane. Ni da kai ma da ɗakin haya muka fara."

Ya ce, "Kai dai ji da kiran sallarka."

Sun yi nasara. Hukuma ta janye shawararta, doka ta zauna yadda take. Da a nan ya tsaya, da yau ba ni da labarin da zan ba ku.

Katangarsa ɗaya da wata tsohuwa, Bi Zuhura, wadda mijinta ya rasu, tana soya mahamri, wani irin fanke, da safe tana sayarwa. Ɗanta Shee ya yi aure, hayar kusa ta fi ƙarfinsa, sai ta gina masa ɗaki a bayan gidanta. Mutumin ya leƙo ta katanga ya gani. Da ta ji yana bambami, ta zo har gida da mahamri a kwano.

Ta ce, "Baban Nuru, ɗana ne fa, ba ɗan haya ba. A gabanka ya girma. Ka rufa mana asiri."

Ya ce, "Maman Shee, in na ɗaga miki ƙafa, gobe kowa ya gina."

Ya karɓi mahamrin ya sha shayi da shi. Washegari ya tafi ofishin hukuma da ƙafarsa ya kai ƙara.

Aka zo da guduma aka rushe ɗakin, matar Shee na tsaye a rana da jariri a baya. Bi Zuhura ba ta zage shi ba, ba ta yi masa baki ba. Ta sayar da gidan, suka haye jirgin fito zuwa Likoni.

Ya 'yan uwa, me ɗakin nan ya rage masa? Ruwansa ya ƙaru da aka rushe shi? Inuwar mangwaronsa ta faɗaɗa?

Maƙwabta suka rage gaisuwa. Shi kuwa ya ɗauka kwarjini ne, ya ci gaba da leƙen katangu.

Bayan 'yan shekaru ya faɗi a tsakar gida. Ɓarin jikinsa ya shanye, harshe ya karye. Nuru ta so ta dawo ta yi jinyarsa, amma ga miji, ga 'ya'ya, ga surukarta tsohuwa, gidan mahaifin nata ba zai ɗauke su ba. Ta roƙi kwamitin unguwa su kau da kai ta ƙara ɗaki a baya. Sabon shugaba ya ce, "'Yata, wallahi muna tausaya miki. Amma kin san wanda ya koya mana."

Dole ta sayar da gidan don magani, ta kai shi wurinta, hawa na shida a wani dogon bene. Matakala ce kawai, ba lif. Tun da aka hau da shi bai sake taka ƙasa ba. Yana jin kiran salla daga masallacin da ke ƙasa, ba halin zuwa. Mazauna benen su ke hawo masa da ruwa a jarka, su ke juya shi in Nuru ta gaji. Ba su san abin da ya taɓa faɗa ba. Shi ya sani.

Wata rana ya dinga maimaita wata kalma da karyayyen harshensa yana hawaye, har Nuru ta gane "Zuhura" yake cewa. Ta haye Likoni, ta yi ta tambaya har ta sami Shee. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, "Mama ta rasu tun kafin azumi. Nawa na yafe masa. Nata kuwa, ba a hannuna yake ba."

Da wannan amsa Nuru ta dawo. Bai daɗe ba ya cika.

Ya 'yan uwa, ba kare unguwa ne ya hallaka shi ba. Ku nemi ruwanku, ku nemi a gyara magudananku, haƙƙinku ne. Abin da ya ci shi raina bayin Allah ne, da cutar da wadda ta zo ƙofarsa neman sutura. Abin da ke tsakaninka da Ubangiji, in ka tuba Yana yafewa. Haƙƙin bawa kuwa sai bawan ya yafe, kuma bawa ba ya jiran ka shirya kafin ya mutu. Wanda ya san ya ci haƙƙin maƙwabcinsa, ya je yau, tun yana da ƙafar zuwa da bakin roƙo.

Allah ya jiƙansu su biyun. Allah ya kiyaye mu da tashi gabansa ɗauke da haƙƙin wani. Amin.